Albasar Da Ban Ga Suyarta Ba

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Sau uku ina fara wannan rubutu ina yagawa, domin ni ba mai zurfin boko ba ne, a firamare na tsaya, kuma abin da zan faɗa akwai tonon asirin kaina a cikinsa. Wani lokaci in ce wa zai damu da zancen abincin wasu Turawa da suka bar garin nan tun ba a haifi yawancin masu karatu ba. Wani lokaci kuma in ce idan na tafi da maganar a cikina, wa zai tambayar mini? Abin da ya tura ni a ƙarshe shi ne, kwanan baya na bi ta unguwar da na yi aikin kuku da ƙuruciyata, na tarar an rushe gidan. An jera shaguna a wurin, masu sayar da waya da masu gyaranta. Daidai inda kicin yake, janareta ce ke ta ihu. Na tsaya ina kallo har wani mai mota ya zage ni, na dawo gida na kasa cin tuwo.

Jos ta wancan lokaci ba ta da wannan hayaniya. Da asuba kana kwance a Kwararafa, inda nake haya da amaryata, za ka ji kukan jirgin ƙasa daga nesa, ka ji matan Fulani suna saukowa da ƙoransu suna kiran nono, ka ji maƙwabciyarmu tana fasa itace. Sanyi kuwa ba irin na yanzu ba ne da yara ke yawo da singileti. Ruwan alwala sai ka daure ka sa hannu. Musulmi da Kirista gida ɗaya muke haya, igiyar shanya ɗaya, kuma kowa ya san abin da ɗan'uwansa ba ya ci, yana kiyaye masa ba sai an roƙe shi ba. Yanzu jikokina suna sayen abinci a leda daga hannun wanda ba su taɓa ganin fuskarsa ba, su ci suna kallon waya. In na tambaye su da wane mai aka soya, sai su yi dariya su ce Kaka ya fara.

Masu gidan da na yi wa aiki mutanen ƙasar Poland ne, mu muna cewa Folan. Ba irin Turawan da iyayenmu suka yi wa leburanci a ramukan kuza ba ne. Waɗannan ba su da fankama, Turancinsu ma kame-kame ne kamar nawa, da shi da nuni da hannu da ɗan guntun Hausa muke fahimtar juna. Maigidan injiniya ne mai binciken duwatsu, dogo, mai yawan dariya da son ciki. Matarsa, wadda kowa ke kira Madam, gajera ce mai ƙarfin hannu, tana ɗinke safar da ta yage, ba ta yar da kwalba ko gwangwani. Sun baro 'yarsu guda ɗaya a can ƙasarsu wurin kakarta saboda makaranta. Ranar da wasiƙa ta zo, gidan yakan yi haske. Ranar da ba ta zo ba, Madam takan shigo kicin ta ce mu kwaɓa fulawa.

Abincin da muke yi a irin wannan rana tana kiransa piyerogi. Bakina ya kasa, nake cewa firogi, har ita ma ta koma faɗin haka in tana tsokanata. A kwaɓa fulawa da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, a yi ta murza ta har ta daina kama hannu, a kifa mata kwano ta huta. Sai a shimfiɗa ta a tebur, a bi ta da kwalba har ta yi falan-falan, a kifa kofin gilashi a yanko ta zagaye-zagaye. Abin da ake cusawa a ciki yawanci dankalin Turawa ne, wanda ƙasar nan ba ta rasa shi, a dafa a murƙushe, a haɗa da cuku da albasa. Cukun ma a gida muke yi. Madam takan ɗumama kindirmo a wuta kaɗan, ta juye a farin ƙyalle ta rataye a ƙusa, ya kwana yana ɗiga a kwano. Har yau in famfo na ɗiga, wannan ƙyallen nake tunawa. Wani kuma kabeji mai tsami ake sa masa da busasshen naman kaza, wato laimar kwaɗi irin wadda ake ci, wanda ake aiko mata daga gida a zare kamar carbi. In an ɗora cokali guda a tsakiya, sai a ninke gida biyu kamar rabin wata, a matse bakin da yatsa. A nan aikin yake. Bakin da bai kamu ba zai fashe a tukunya, Madam kuwa takan ɗauki fashewar ƙwaya ɗaya kamar an aiko mata da mugun labari. Ni da Allah ya yi ni da waswasi, kowanne sai na bi bakinsa sau biyu, shi ya sa nawa ba sa fashewa, shi ya sa kuma ta bar mini aikin. Dafuwarsa irin ta ɗan wake ce: a jefa a tafasasshen ruwan gishiri, ya nutse, in ya taso sama a ɗan dakata a tsame.

Abin da ya fi ba ni mamaki da farko shi ne ba a cinsa da miya. A jera a faranti, a kwarara soyayyiyar albasa da man suyarta a kai, a ajiye kindirmo mai kauri a gefe, a riƙa yanka shi da gefen cokali mai yatsu ana dangwala. Maigida yakan ci yana ƙidayawa da babbar murya, matarsa tana harararsa. Wanda ya kwana, da safe a soya shi har bayansa ya yi ja, kuma na kwanan ya fi daɗi, kamar ɗumamen tuwo. Lokacin mangwaro ma mukan cusa mangwaro a barbaɗa sukari. Duk wannan babu abin da ya dame ni a ciki. Abin da ya dame ni man suyar albasar ne.

A ƙasarsu, da kitsen alade suka saba soya wannan albasa. Madam tana da wata kwalba mai faɗin baki a can ƙasan firji, cike da farin kitse daskararre. Ranar da na gane ko mene ne, na fita bayan kicin na zauna a kan dutse. Ta biyo ni, muka yi magana da hannu da baki, muka tsayar da doka. Ba zan taɓa kwalbar ba. Kaskon suya biyu ne, nata ta ɗaura wa mariƙinsa jan zare, ita kaɗai ke suya a cikinsa, ita ke wanke shi. Nawa na man shanu ne zalla. Ta riƙe wannan doka da gaskiya, ban taɓa kama ta da saɓawa ba. Kitsen kuwa ta hannun Mama Emeka yake zuwa, wata 'yar Ibo mai shago a bakin layinmu, wadda muke sayen fulawa da kabeji a wurinta. In ta hango ni sai ta ɗaga murya: "Oga kuku! Madam ya ce a ajiye masa kaya. Kai za ka ɗauka?" In na ja da baya ina salati, sai ta kama ciki tana dariya. "Tafi, tafi, tsoro zai kashe ka! Na naɗe shi takarda uku, ba zai cije ka ba." Amma ba ta taɓa miƙo mini ba, kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa a layin ba. Allah ya saka mata.

Yanzu sai in kawo mahaifina. Baba shekara talatin ya yi yana shugabancin lebura a ramukan kuza na Bukuru, a tsakiyar Turawa, amma ko biskit ɗinsu bai taɓa kai wa baki ba. Da ƙullin garinsa da butarsa yake tafiya aiki. Yakan ce abin da ya shiga ciki shi ke zama jini, jinin kuma shi ke tsayawa salla. Bai so aikina ba. A watan farko da na je gaishe shi, ya bar ni a durƙushe ya gama lazimi, sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Suna cin abin nan?" Ba ya kiran sunan dabbar.

Na ce, "Ba a shigo da shi gidan, Baba."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

Allah ya sani a ranar gaskiya na faɗa iyakar sanina, don ban riga na ga kwalbar ba. Laifina shi ne da na gan ta ban koma na gyara maganar ba. Na san in na faɗa, a ranar zai ce in bar aikin, ga amarya, ga ciki ya fara fitowa. Kullum in ce sai zuwa na gaba. Aka yi shekara biyu a haka.

Akwai wani tela a bakin kasuwar Bukuru, Bazazzagi, abokin wasan Baba ne tunda mu Kanawa ne. A shagonsa dattawa ke zaman hantsi. Shi ne ya riƙa hura wutar. In na zo wucewa sai ya tsayar da keken ɗinki ya ce, "Bakano, ga ɗanka na gidan Nasara. Dubi wuyansa, har ya yi layi biyu. Rantse wannan ƙibar tuwo ce!" A kwashe da dariya. Baba yakan ce, "Bazazzagi, ɗinka rigarka, ka ga ka karkace wuyan." Amma ina ganin yadda yake matse carbinsa. Wasa ne a bakin tela, a zuciyar Baba ba wasa ba ne.

Ranar da abin ya faru jajiberin Kirsimeti ce. A wurinsu wannan yammacin ya fi ranar kanta girma. Tun da safe muke aiki, muka ninke firogi fiye da ɗari, na dankali da na kabeji. Madam ta sa mai lambu ya kawo busasshiyar ciyawa ta shimfiɗa kaɗan a ƙarƙashin farin mayafin tebur. Ta jera faranti uku, alhali su biyu ne. Na riga na san wannan daga shekarun baya: na ukun na baƙon da ba a gayyata ba ne, duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa a daren ba a mayar da shi. Sau biyu ina ɗauke wannan faranti yadda aka ajiye shi, Madam tana binsa da ido. Kuma ba a fara cin komai sai tauraro na farko ya fito. Ta sha gaya mini cewa ranar babu nama, sai kifi da kabeji da firogi. Na ji wannan da kunnena. Sai dai da rana maigida ya shigo kicin yana shafa ciki, ya buɗe firji ya ɗauko kwalbar nan, ya riƙa yi wa matarsa magiya da yarensu yana marairaice fuska. Ta buge masa hannu tana dariya, ta amsa masa da wata doguwar magana. Ya fita yana murmushi. Ban san me ta ce ba. Ban san ko murmushin wanda ya yi nasara ba ne ko na wanda aka kora.

Rana ta kusa faɗuwa, na tsame firogin ƙarshe, na yanka albasa na tara a faranti, na ɗora kaskona na ajiye gwangwanin man shanu kusa da shi. Saura suyar albasa da ta kifi. Sai na ji sallama a ƙofar baya. Muryar da ko a mafarki na ji ta sai na gyara zama. Na leƙa, ga Baba tsaye da bargonsa a kafaɗa da sandarsa da butarsa. Bai taɓa taka unguwar ba.

"Lafiya, Baba? Wani abu ya faru a gida?"

"Lafiya lau. Gani ya kori ji. Na gaji da bakin Bazazzagi, na zo in ga inda kake dafa abin da kake dafawa." Ya dubi sama. "Amma magariba ta yi. Kawo tabarma."

Wa zai ce wa Baba ya jira a soya albasa? Na shimfiɗa tabarma a bayan kicin, daidai ƙarƙashin taga, ya shiga gaba na bi shi. Baba ba ya gaggawa a salla. Muna cikin raka'ar farko na ji maigida yana kiran matarsa daga tsakar gida da murna, na gane ya hango tauraron. Na ji takun Madam ta shigo kicin tana kirana, sau biyu, sannan ta yi shiru, ina jin ta gan mu ta taga. Na ji an buɗe firji. Na ji ƙarar ƙarfe a kan murhu. Sai na ji caaa, albasa ta faɗa cikin mai. Allah ya gafarta mini, ban san abin da na karanta a sauran sallar nan ba. Goshina yana ƙasa, hancina yana can yana neman ya rarrabe ƙamshi. Ga albasa, ga kifi ya biyo baya, ga tsamin kabeji, duk sun cakuɗe. Baba ya sallame, ya zauna ya yi addu'a mai tsawo, ni kuwa gumi yana bin bayana a cikin wannan sanyi.

Da muka shiga kicin an gama komai. Firogi yana jere a babban faranti, albasa tana ƙyalli a kansa. Na dubi wurin wanke-wanke: kasko biyun duka suna cikin ruwan sabulu, nawa da mai jan zare, ɗaya an soya kifi, ɗaya albasa, ban san wanne ba. Gwangwanin man shanu a buɗe. Kwalbar kuma tana kan tebur, a rufe, a tsakiyar wasu kwanuka da aka fito da su daga firji. Na matsa na tsaya a gabanta na kare ta da jikina.

Madam ta dawo ɗaukar faranti, ta ga tsoho tsaye da sanda a ƙofar kicinta. Na ce mahaifina ne. Ta dafe ƙirji, idonta ya kawo ruwa, ta juya da gudu tana kiran mijinta. Ya zo ya rusuna wa Baba har ƙasa, yana nuna hanyar falo da hannu biyu yana cewa, "Baƙo! Baƙo! Sannu da zuwa, Baba!" Baba ya dube ni. Na yi masa bayanin farantin da ake ajiye wa wanda ba a gayyata ba, da cewa shekara biyu ba wanda ya zo. Ya gyaɗa kai.

"Ashe su ma sun san baƙo," in ji shi. "To ba a kunyata mai irin wannan hali."

Ya ajiye sandarsa ya shiga. Mutumin da shekara talatin bai karɓi ko ruwa daga hannun Bature ba, ya zauna a kujerarsu. Suka jawo wata kujera suka ce ni ma in zauna. Madam ta zuba masa da hannunta, ta ɗebo albasar da ta taru a gindin faranti ta ƙara masa a kai. Baba ya ce kifi ba ya zama masa a ciki, a bar shi da wannan. Na kawo masa ruwa ya wanke hannu. Sannan ya sunkuyo wajena, ya rage murya.

"Kai ka dafa?"

"Ni na dafa, Baba."

"Duka, da hannunka?"

Madam tana zaune ga ta ga ni. Tambaya ɗaya zan yi mata, kalma uku ko huɗu. Amma Baba ya yi shekara talatin yana jin Turanci a bakin rami, ya san sunan abin nan da Turanci sarai. In na tambaya, ko da amsar ta zo da daɗi, na riga na gaya masa cewa akwai shi a gidan, kuma shekara biyu ina cin amanarsa. In na ce kada ya ci, dole in faɗi dalili. Duka ukun suna kallona, matar nan tana murmushi da hawaye a kumatu.

Na ce, "Da hannuna."

Ya yi bisimilla ya ɗauka. Ina kallon man yana bin yatsunsa. Ya tauna a hankali, ya haɗiye, sannan ya ce, "Wannan ai ɗan wake ne ya je makaranta." Na fassara musu da ƙyar. Maigida ya yi dariya har da buga tebur, ya ajiye cokalinsa ya sa hannu shi ma. Baba ya ci bakwai, maigida ne ya ƙidaya masa. Ni ma dole na ɗauki ɗaya, don in ban ci ba zai lura. Na juya shi a baki ina neman shaida, amma da me zan gwada? Ban taɓa sanin ɗanɗanon abin ba. Albasar ta ɗan ƙone, naman kaza yana da nasa ƙamshin mai ƙarfi. Na haɗiye kamar tsakuwa.

Kafin lisha maigida ya ɗauki Baba a motarsa ya kai shi Bukuru. Madam ta shigo ta wanke kaskonta da kanta kamar kullum, ta mayar da kwalbar firji, tana 'yar waƙa. Da ta fita na buɗe firjin na durƙusa ina leƙen kwalbar ban taɓa ta ba. Akwai sawun cokali a saman kitsen. Na yau ne ko na makon jiya? Man shanu ya ragu sosai, to amma an soya kifi. Wataƙila ta fito da kwalbar ne don ta sami wurin sa kwanon 'ya'yan itacen da ta dafa. Wataƙila kuma ba haka ba ne. Na lissafa ta nan, na lissafa ta can, kowace hanya sai ta dawo da ni inda na faro.

Da safe na zo da niyyar tambaya. Na same ta tana rubuta wa 'yarta wasiƙa, ta ce tana ba ta labarin tsohon da ya cika musu faranti. Na ce bari sai gobe. Gaskiyar magana ba kunyarta nake ji ba, amsar nake tsoro. Muddin ban tambaya ba, akwai rabin fata. In ta ce da kitsen ta soya, sai in tafi Bukuru in durƙusa in gaya wa Baba abin da na sa ya haɗiya, kuma na san ba duka zai yi ba, ba zagi ba, shiru zai yi, shirun da ban san ko zan iya ɗauka ba. Shi kuwa ya riga ya je shagon tela ya zauna ya baje labari. Ya ce ya gani da idonsa, ya ci da bakinsa, kicin ɗin ɗansa ya fi na wasu Musulmi tsabta, mutanen kuma suna da ranar barin nama, suna ajiye wa baƙo akushi. Tela ya ce, "To Bakano, ka zama ɗan gidan Nasara kai ma, saura hula mai baki." Baba ya ce, "Ɗinka rigarka." Wannan karon da dariya ya faɗa. Daga ranar ya daina barina a durƙushe. In na je gaishe shi yakan ce, "Yaushe za ka yi mana ɗan waken makaranta?" Na riƙa yi masa a gida da man shanu, ina tsaye a kan albasar tun daga yanka har saukewa, yana ci yana sa mini albarka. Kowace albarka sai na ji ta kamar kayan aro.

Kafin wata damina aka kira su gida, kakar yarinyar ta kwanta ciwo. Cikin mako guda suka haɗa kaya. Madam ta bar mini kaskona da kofin gilashin da muke yanka da shi. Ranar tafiya na rantse wa kaina sai na tambaya. Na bi su har bakin mota, ta zauna, ta sauke gilashi ta miƙo hannu. Na ce, "Madam, akwai tambaya." Ta ce in faɗa. Maigida ya riga ya tayar da mota. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina tambayarta, in firogi ya taso sama, minti nawa ake bari kafin a tsame. Ta yi dariya ta ɗaga yatsu biyu, ta ce ai na fi ta sani. Motar ta fita daga ƙofa.

Baba ya ƙara shekara shida a duniya. Har ya koma ga Allah yana faɗa wa jikokinsa cewa cikinsa bai san haram ba, ni ina zaune a gefe ina kallon ƙasa. Bayan rasuwarsa na kai maganar gaban wani malami. Ya ce wanda ya ci bisa rashin sani babu komai a kansa, ƙaryar tawa ce, in tuba in yi masa sadaka. Na tuba, ina kan yi. Jikata ma ta duba mini a waya, ta ce an rubuta cewa a wannan dare ba sa cin nama, da yawa ko kitse ba sa taɓawa. Na ce da yawa ba duka ba ne, kuma waya ba ta ga murmushin maigida ba. Ta ce Kaka, ka bar wa Allah. Na bar masa hukunci. Sanin ne na kasa bari.

Don haka nake roƙon masu karatu. Idan akwai wanda ya yi aiki a gidan mutanen Folan a Jos ko Bukuru a wancan zamani, kuku ko direba ko mai lambu, ko wanda ya yi karatu a ƙasarsu ya zauna a teburinsu a jajiberin Kirsimeti, ya taimaka ya gaya mini abin da ya gani da idonsa: da wane mai ake soya albasar firogi a wannan yammaci, kuma ko mace takan sassauta wa mijinta in ya yi mata magiya? Idan kuma wani ya san inda 'yar wannan injiniya take, wataƙila tana da wasiƙar da uwarta ta rubuta mata washegari. Kada a tausaya mini a zaɓo mini amsa mai daɗi. A aiko da wadda take gaskiya ta hannun masu wannan shafi, ko wacce ce. Wannan karon zan tsaya in ji.